Murar Tsuntsaye da Kiwon Kajin Gida a Nijeriya: Cutar, Sunanta da Fargabar Masu Kiwo

1.0 Gabatarwa

A ranar 8 ga Fabrairu, 2006, Hukumar Kula da Lafiyar Dabbobi ta Duniya, mai hedkwata a birnin Faris, ta ba da sanarwar cewa an tabbatar da ɓullar cutar murar tsuntsaye, nau'in H5N1, a wata babbar gonar kaji da ke Jaji cikin Ƙaramar Hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da wannan nau'i cikin kajin kiwo a nahiyar Afirka. Gonar tana da tsuntsaye kimanin 46,000, kuma kafin sakamakon gwaji ya dawo daga ɗakin bincike na Padova a ƙasar Italiya, wajen 40,000 daga cikinsu sun riga sun mutu.

Akasarin abin da aka rubuta game da wannan annoba ya ta'allaƙa ne a kan manyan gonaki, domin a can ne ake da littafin lissafi da likitan dabbobi da adadin da za a iya ƙirgawa. Amma ƙiyasin da aka yi amfani da shi a wancan lokaci ya nuna cewa daga cikin tsuntsayen kiwo kimanin miliyan 140 da ke ƙasar, wajen kashi 60 cikin ɗari a cikin gidajen jama'a suke, biyar a nan, goma sha biyu a can, suna tono a tsakar gida da bakin juji. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda cutar take da yadda take shafar irin waɗannan masu kiwo, tare da duba sunan da aka raɗa mata da Hausa, wanda shi kansa yana da hannu cikin yadda jama'a suka ɗauke ta.

2.0 Ƙwayar Cutar da Alamominta

Ƙwayar da ke haddasa murar tsuntsaye tana cikin rukunin da ake kira bairos, wato ƙwayoyin da ba sa iya hayayyafa sai sun shiga cikin ƙwayar halittar wani mai rai. Danginta ɗaya da ƙwayar da ke kawo wa ɗan'adam mura mai tsanani. Haruffan H da N da ake gani a sunanta suna nuni ne ga wasu sinadarai biyu da ke jikin ɓawonta: na farko shi ne wanda take manne wa ƙwayar halitta da shi ta shiga, na biyu kuwa shi ke sako 'ya'yan da ta haifa su bazu. A cikin tsuntsaye an san iri 16 na H da iri 9 na N, kuma haɗuwarsu ce ke ba da sunaye irin su H5N1 da H5N8 da H7N9.

Asalin mazaunin waɗannan ƙwayoyi shi ne hanjin tsuntsayen ruwa na daji, musamman agwagin daji da danginsu, waɗanda galibi ba sa nuna wata alamar ciwo. Yawancin nau'o'in masu sauƙi ne. Sai dai nau'o'in H5 da H7, idan suka samu shiga garken kaji suka daɗe suna yawo daga wannan zuwa waccan, sukan rikiɗa su zama masu tsanani, ta yadda maimakon su tsaya a hanji da maƙogwaro sai su mamaye dukkan gaɓoɓin jiki. Irin wannan mai tsanani kan iya kashe kashi 90 zuwa 100 cikin ɗari na garke cikin kwana biyu.

Sau da yawa alama ta farko ita ce mutuwar kanta: a rufe akurki da magariba lafiya lau, a buɗe da safe a tarar da gawawwaki. Waɗanda suka ɗan jima kuwa sukan takure su daina ci, kai da fuska su kumbura, zanko da naman da ke reto ƙarƙashin baki su yi shuɗi-shuɗi, a ga jini ya taru ƙarƙashin fatar ƙafa kamar an ƙuje ta, ga zawo kore, ga ƙwai ya ragu ko ya fito da ɓawo mai taushi. Ƙwayar tana fita ta kashi da majina da yawu. Bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa takan rayu cikin kashin tsuntsu har kwana 35 a wuri mai sanyin digiri 4, amma a zafin digiri 37 kamar kwana 6 take yi. Wannan yana daga cikin dalilan da suka sa manyan ɓarkewar cutar a Nijeriya suka fi faɗowa cikin watannin hunturu.

3.0 Tarihinta a Taƙaice

Cutar ba sabuwa ba ce. Wani masani ɗan Italiya mai suna Perroncito ya bayyana ta a 1878, kuma a 1955 aka tabbatar da cewa ƙwayarta dangin ta mura ce. Zuriyar H5N1 da ta addabi duniya an fara gano ta ne a jikin wata dinyar kiwo a lardin Guangdong na ƙasar Sin a 1996. A 1997 ta kama mutum 18 a Hongkon, 6 suka rasu, hukumomin birnin kuma suka hallaka dukkan kajin da ke kasuwanni da gonaki, fiye da miliyan ɗaya. Ta sake tasowa a kudu maso gabashin Asiya a ƙarshen 2003, sa'an nan a 2005 ta kashe tsuntsayen daji fiye da 6,000 a tafkin Qinghai na Sin, daga nan ta yi yamma.

Bayan Jaji, cikin 'yan kwanaki aka tabbatar da ita a jihohin Kano da Filato. Kafin ƙarshen Fabrairu an same ta a jikin agwagi a Magarya ta Jamhuriyar Nijar, daf da iyakar Nijeriya, a watan Maris kuma a Marwa ta arewacin Kamaru. Masar da Sudan da Burkina Faso duk sun ba da rahotonta a 2006, Gana kuma a 2007. A cikin gida, tsakanin 2006 da 2008 ta shafi jihohi 25 da Birnin Tarayya, aka rasa tsuntsaye fiye da miliyan ɗaya, wasu ta hanyar cutar, wasu ta hanyar kisan da hukuma ta yi domin daƙile ta. Ta lafa bayan Yulin 2008, ta dawo a Kano da Legas a farkon 2015 da ɓarnar da ta fi ta farko, ta kuma sake dawowa a 2021.

An yi ta muhawara a kan yadda ta shigo. Wasu sun ɗora alhakin a kan tsuntsaye masu ƙaura da ke barin Turai da Asiya suna cin rani a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Cadi, wasu kuma a kan fasa-ƙwaurin 'yan tsaki da kayan kaji. Wani bincike da aka buga a mujallar Nature a 2006 ya nuna cewa ƙwayoyin da aka samu a Nijeriya zuriya uku ne mabambanta, wato ba shigowa ɗaya ba ce. Ko ta wace ƙofa ta shigo, abin da ya fi yaɗa ta bayan nan shi ne zirga-zirgar mutane da kaji da motoci da kwanduna.

4.0 Matsalar Suna

Sunan "murar tsuntsaye" fassara ce ta kai tsaye daga Ingilishi, kuma kafofin watsa labarai ne suka yaɗa ta a daidai lokacin da babu sararin zama a tantance kalma. An kuma ji "masassarar tsuntsaye" da "murar kaji", amma na farkon ne ya zauna. Idan aka yi la'akari da ma'anar kalmomin biyu a bakin Bahaushe, za a ga kowaccensu tana ɗauke da wata illa.

Mura, a wurin Bahaushe, ita ce mafi ƙanƙantar cuta. Ita ce wadda ake yi ana tafiya gona, ake sha mata kunun kanwa ko yaji, ba a zuwa dubiya saboda ita. Wanda ya ce mura ce ke damunsa, abin da yake nufi shi ne babu komai. Kiran annobar da ke share akurki cikin dare ɗaya da wannan suna ya rage mata nauyi tun kafin a fara bayani. Daɗin daɗawa, sunan ya sa mai kiwo yana jiran ya ga atishawa da majina, alhali kuwa mai tsananin sau da yawa ba ta ba kaza lokacin nuna waɗannan. Abin lura a nan shi ne harshen yana da kalmar "marisuwa", wadda ƙamusoshi suka kawo da ma'anar mura mai tsanani, ake kuma danganta ta da annobar 1918. Da ita aka ɗauko, da ma'anar ta fi dacewa da abin da ake nufi, ko da yake kalmar ta tsufa a bakin matasa, kuma mai yiwuwa da sai an yi mata bayani ita ma.

Kalma ta biyu ta fi ta farko rikitarwa. A ilimin halittu kaza tsuntsuwa ce, amma a maganar yau da kullum ba haka abin yake ba. Tsuntsu shi ne mai tashi sama, wanda ba shi da ubangida: kurciya da gado da buwa da shamuwa. Kaza da zabo da agwagwa da talotalo kowanne da sunansa ake kiransa, kuma babu macen da za ta ce za ta ba tsuntsayenta tsaba tana nufin kajinta. Saboda haka matar da ta ji a rediyo cewa murar tsuntsaye ta ɓulla tana da hujjar ɗauka cewa maganar ba ta shafi akurkinta ba. Wanda ya ji kuma an nuna hotunan manyan gonaki sai ya ƙara da cewa ai cutar kajin agirik ce, kajin Hausa sun fi ƙarfinta. Gaskiya ne kajin gida sun fi jure yunwa da zafi da wasu cututtuka, amma H5N1 tana kashe su kamar yadda take kashe waɗancan.

Akwai kuma kalmar "ƙwayar cuta", wadda ta haɗe bairos da bakteriya wuri guda ba tare da bambanci ba. Sakamakon wannan a aikace shi ne mai kiwo ya fasa kafso ya zuba cikin ruwan kaji, kamar yadda ya saba, yana zaton maganin da ke kashe ƙwayar cuta zai kashe kowace iri. Irin wannan magani ba ya taɓa bairos. Haka ma barkono da gautan kaji da sassaƙen maɗaci da ake jiƙa wa kaji. Abin da ake asara a nan shi ne kwanakin da ake ɓatawa ana jiran magani ya yi aiki, cutar kuwa tana tsallakawa gidan maƙwabta.

5.0 Yanayin Kiwon Gida

Kiwon kajin gida tsari ne da aka gina a kan rashin kashe kuɗi. Kaza ita ke neman abincinta: tsabar da ta zube wurin sussuka, dusa, gara, ƙwari, ragowar tuwo. Abin da mai ita ke bayarwa bai wuce ɗan tsaba da safe da kaskon ruwa da wurin kwana ba, wanda kan zama akurki ko ƙarƙashin rumbu ko madafa, zabi kuwa a kan itace. Galibin masu kajin mata ne da yara. Ga mace, musamman ta cikin kulle, kaza ajiya ce da ake iya mayarwa kuɗi cikin yini ɗaya idan yaro ya kwanta ciwo ko biki ya taso, ita ce kuma matakin farko na tara abin sayen akuya. Da ita ake karrama baƙo, da ita ake cika-ciki da salla.

Duk abin da ya sa wannan kiwo ya yi arha, shi ne kuma ya buɗe shi ga cuta. Kajin unguwa garke ɗaya ne a zahiri, domin juji ɗaya suke tono, kwata ɗaya suke sha. Kaskon ruwan da aka ajiye a tsakar gida ba na kaza kaɗai ba ne. Hausawa sun daɗe da lura cewa albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko, kuma ba ƙadangare kaɗai ba, har da kurciya da tattabara da duk tsuntsun da ya sauko. Agwagwa ita ce babbar matsala, saboda takan ɗauki ƙwayar ta yi ta zubar da ita cikin kashi alhali tana tafiyarta lafiya. A garuruwan bakin fadama da tafki agwagwar gida takan yini a ruwa ɗaya da na daji, da yamma ta dawo ta kwana cikin kaji.

Hanya mafi haɗari ita ce kasuwa. A ranar kasuwar ƙauye 'yan kaji sukan sayi ɗaya-ɗaya daga hannun mutane daban-daban, su cusa su kwando guda, su kai wata kasuwa, daga can a loda su mota zuwa birane har kudancin ƙasar. Wadda ba a sayar ba takan koma gida. Wadda aka saya domin kiwo ko aka bayar kyauta akan sake ta cikin na gida nan take. A 2008, lokacin da ma'aikata ke bin kasuwannin kaji suna ɗibar samfuri, an gano ƙwayar a kasuwannin Gombe da Birnin Kebbi, abin da ya nuna tana iya zama a kasuwa ba tare da wani ya kai rahoto ba. Ban da wannan, akwai kashin kaji da ake saye daga manyan gonaki a buhuna domin takin lambu, da tsofaffin kajin ƙwai da gonakin ke sayarwa da arha, da kwalayen ƙwai da ke yawo daga gona zuwa gona. Ta irin waɗannan hanyoyi cutar babbar gona kan sauko tsakar gida.

5.1 Kamanceceniya da Annobar Kaji

Da wuya a fahimci halin da masu kiwon gida suka nuna a 2006 sai an san cewa mutuwar kaji cikin hunturu ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Cutar Niyukasil, wadda aka fara bayyanawa a 1926 a tsibirin Jaba da kuma garin Niyukasil na Ingila, ta daɗe tana share kajin ƙauyuka kusan kowace shekara. Ita ma tana kawo zawo kore da takurewa da mutuwa da yawa, wani lokaci da murɗewar wuya. Ko likitan dabbobi ba ya iya rantsewa a kan wacce ce daga cikin biyun da ido kawai. Sai an kai samfuri ɗakin gwaji, kamar na Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato.

Bisa ga haka, mai kiwo da ya ga kajinsa suna faɗuwa sai ya yi abin da iyayensa suka saba yi. Wadda ta fara layi a yi maza a yanka ta kafin ta zama mushe, a fige, a dafa. Waɗanda ba su nuna alama ba a kai su kasuwa a rabu da su ko da a faɗuwa ne. Waɗanda suka mutu a jefar bayan gida, inda karnuka da angulaye da sauran kaji za su same su. Ta fuskar tattalin gida kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ma'ana, kuma a kan cutar Niyukasil illarsa ga mutum kaɗan ce. A kan murar tsuntsaye kuwa, na farko shi ne hanyar da mutum ya fi kamuwa, na biyu da na uku su ne hanyoyin da cutar ta fi yaɗuwa.

Bambancin da ya kamata a riƙe shi ne cutar Niyukasil tana da rigakafi mai arha, har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake yi a Vom, ana ɗiga shi a ido ko a sa a ruwan sha. Garken da aka yi wa wannan rigakafi, idan ya fara mutuwa farat ɗaya, to akwai dalili mai ƙarfi na zargin murar tsuntsaye. Ke nan yaƙi da tsohuwar cutar yana taimakawa wajen gane sabuwar.

6.0 Kisa, Diyya da Ɓoyo

Matakin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauka a 2006 shi ne killace wurin da cutar ta ɓulla, da hallaka dukkan tsuntsayen da ke ciki, da binne su, da fesa magani, da hana zirga-zirgar kaji. Ba ta amince da yi wa kaji allurar rigakafin wannan cuta ba, bisa hujjar cewa kazar da aka yi wa rigakafi tana iya ɗaukar ƙwayar ba tare da nuna alama ba. An yanke diyyar Naira 250 a kan kowace kaza da hukuma ta kashe, da abin da ya fi haka a kan agwagwa da talotalo da jimina. A watan Maris na shekarar Bankin Duniya ya amince da rancen Dala miliyan 50 domin yaƙi da cutar, kuma a 2007 aka sake duba kuɗin diyyar aka ƙara shi bisa nau'in tsuntsu.

A nan ne fargabar mai kiwon gida ta fi fitowa fili, kuma fargaba ce mai tushe. Kuɗin farko bai kai farashin babbar kaza a kasuwa ba. Ana biya ne a kan wadda ma'aikata suka kashe, ban da wadda ta riga ta mutu, alhali cutar da ke gama garke cikin kwana biyu ba ta jiran ma'aikaci ya iso daga hedkwatar ƙaramar hukuma. Mai babbar gona yana da takardu da ƙungiya da hanyar bin haƙƙinsa. Mace mai kaji takwas a ƙauye ba ta da ko ɗaya, kuma ko an biya, ba lalle kuɗin ya shiga hannunta ba, tun da maigida ne ke magana da baƙi a ƙofar gida. Sa'an nan wanda ya kai rahoto ya jawo a kashe kajin maƙwabtansa masu lafiya, abin da ba ƙaramin nauyi ba ne a zaman ƙauye. Idan aka haɗa waɗannan, shiru ya fi riba ga mutum ɗaya, ko da yake shi ne mafi hasara ga gari. Duk tsarin da bai gyara wannan lissafi ba, yawan sanarwa a rediyo ba zai sa a kai rahoto ba.

Shawarar da aka fi maimaitawa, wato a kulle kaji, ita ma tana da nata cikas. A Ingila an ba da umarnin kulle dukkan tsuntsayen kiwo a Nuwambar 2022, har da na bayan gida, kuma daga Oktobar 2024 ko mai kaza ɗaya sai ya yi rajista. Wannan mai yiwuwa ne a inda kaza ta saba cin abincin saye. Kazar da aka kulle a ƙauyen Nijeriya kuwa sai an ciyar da ita daga rumbun da iyali ke ci, kuma da zarar an fara haka, dalilin kiwon nata ya rushe.

7.0 Haɗari ga Mutane

Kamuwar mutum da H5N1 abu ne mai wuya, domin ƙwayar ta fi dacewa da jikin tsuntsu, kuma a jikin mutum wuraren da take iya mannewa sun fi yawa can cikin huhu. Har yanzu ba a ga tana yaɗuwa daga mutum zuwa mutum a kai a kai ba. Amma idan ta kama takan yi tsanani: daga 2003 zuwa 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu rahoton mutum fiye da 900, kuma kusan rabinsu sun rasu. A Masar, inda aka samu fiye da 350, da yawa daga cikinsu mata ne da yara masu hulɗa da kajin gida. A Nijeriya an tabbatar da rasuwar wata mace mai shekara 22 a Legas a Janairun 2007, aka kuma danganta kamuwarta da gyaran kaza. A Amurka, inda cutar ta hallaka tsuntsayen kiwo fiye da miliyan 150 tun daga 2022, ta kuma shiga shanun madara a 2024, mutum na farko da ta kashe, a Luwiziyana cikin Janairun 2025, ya yi hulɗa ne da kajin bayan gida da tsuntsayen daji.

Abin da ke damun masana shi ne ƙwayoyin mura suna iya musayar sassan gadonsu idan iri biyu suka haɗu a jiki ɗaya, na mutum ko na alade, har a samu sabon iri mai saurin yaɗuwa tsakanin mutane. Kowane sabon kamu dama ce ta faruwar haka.

Haɗarin yana wurin yanka da figa da fitar da kayan ciki da share akurki, ba wurin ci ba, domin zafin digiri 70 yana kashe ƙwayar, kuma dahuwar miya da farfesu ta wuce haka nesa. Wannan bambanci bai fito sosai ba a sanarwar 2006, shi ya sa mutanen birni suka ƙaurace wa dafaffen nama da ƙwai har kasuwa ta faɗi, mutanen ƙauye kuma suka ci gaba da fige marasa lafiya da hannu. A gidaje da yawa yara ne ake ba aikin kamun kaza da figa, su ne kuma ke wasa a ƙasar da kaji ke kashi.

Matakan da suka dace da ƙarfin mai kiwon gida ba su buƙatar kuɗi mai yawa. Sabuwar kaza, ko wadda ta dawo daga kasuwa, a ware ta mako biyu kafin a haɗa ta da sauran. Agwagi su kwana dabam da kaji, kaji kuma su kwana dabam da mutane. Kaskon ruwa da na tsaba a sa su ƙarƙashin rumfa, a riƙa wanke su. Wadda ta mutu kada a ɗauke ta da hannu tsirara. A sa leda, a binne ta cikin rami mai zurfin da kare ba zai tone ba, a wanke hannu da sabulu, wanda ke narkar da ɓawon ƙwayar. Idan kaji da yawa suka mutu cikin kwana ɗaya ko biyu, a sanar da mai unguwa da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, kuma duk wanda ya yi zazzaɓi da tari cikin kwana goma bayan ya taɓa irin waɗannan kaji ya je asibiti ya faɗi cewa ya taɓa su, domin maganin oseltamivir ya fi aiki idan an fara shi cikin kwana biyun farko.